Makullin tsaro na kwamfuta da waya: tambayoyi da amsoshi

Makullin tsaro 'yar na'ura ce da ba ta kai tsawon yatsa ba. Ana soka ta a kwamfuta, ko a kara ta a bayan waya, lokacin da za a shiga asusun intanet. Wasu daga cikin tambayoyin nan na masu shirin saye ne, wasu kuma na waɗanda suka riga suka saya, abin ya ɗaure musu kai.

Anya ba filashi ba ne aka sauya wa suna?

Kama ce kawai. Ba za ka iya zuba hoto ko takarda a cikinsa ba. Abin da ke ciki wani ɗan guntun lantarki ne mai aiki ɗaya: ya ƙirƙiro lambobin sirri, ya riƙe su, ya yi lissafi da su idan an buƙata, amma kada ya fitar da su ko da mai shi ne ya nema. Yawancinsu ba su da batir, kuma ba sa hawa intanet da kansu. Wutar da suke buƙata daga ramin USB suke samunta, ko daga wayar da aka kara su a jikinta ta hanyar NFC.

Wanda ya fi suna shi ne YubiKey na kamfanin Yubico, wanda aka kafa a Suwidin a 2007. Google na da nasa mai suna Titan tun 2018, akwai Nitrokey na Jamus, akwai Feitian na ƙasar Sin. Abin da ya sa makullin wannan kamfani ke aiki a shafin wancan shi ne ƙa'ida guda da suke bi, ta ƙungiyar FIDO Alliance. Ta farko ita ce U2F, wadda Google da Yubico suka tsara, Google kuma ya fara karɓarta a 2014. Daga baya aka faɗaɗa ta zuwa FIDO2, kuma a watan Maris na 2019 hukumar W3C mai tsara ƙa'idojin yanar gizo ta amince da ɓangarenta da ake kira WebAuthn. Yau Chrome da Firefox da Safari da Edge duk sun san shi, ba sai ka sauke wata manhaja ba.

Me ke faruwa a ciki idan na soka shi na taɓa?

Ranar da ka yi rajistarsa da wani shafi, makullin zai ƙirƙiro tagwayen lambobi masu tsawo. Ɗaya ana ce mata mabuɗin ɓoye, ɗayar mabuɗin bayyane. Lissafin da ya haɗa su ya sa duk abin da na ɓoye ya sa wa hannu, na bayyane zai iya tabbatar da shi, amma ba a iya gano na ɓoye daga na bayyane. Shafin zai karɓi na bayyane ya ajiye a ƙarƙashin sunanka. Na ɓoye kuwa babu wanda zai gan shi, har kai.

Duk lokacin da ka zo shiga, shafin zai aiko da wata sabuwar lamba da bai taɓa aikowa ba. Burauzarka za ta haɗa ta da ainihin adireshin shafin da kake ciki, ta miƙa wa makullin. Fitilarsa za ta fara walƙiya, ka taɓa, ya sa hannu, a mayar. Shafin ya duba da mabuɗin bayyanen da ke wurinsa, idan ya yi daidai ya buɗe maka. Ka ɗauke shi kamar ma'aikacin da ke bayan taga da hatimi a hannunsa: kana miƙa takarda ya buga ya dawo maka da ita, amma hatimin ba ya tsallako tagar, kuma kowane ofis da hatiminsa daban.

Wannan tsari na da amfani biyu da ba kowa ke lura da su ba. Idan aka yi wa shafin kutse aka kwashe rumbunsa, abin da ɓarayi za su samu naka shi ne mabuɗin bayyane, wanda ba ya buɗe komai. Sannan sa hannun da aka yi jiya ba ya aiki yau, don haka naɗar sa a hanya aikin banza ne. Tsofaffin na'urori masu nuna lamba a 'yar fuska ba haka suke ba, sirrinsu a wuri biyu yake zaune. Shi ya sa da aka kutsa kamfanin RSA a watan Maris na 2011 aka saci bayanan na'urarsa SecurID, hankalin manyan kamfanoni ya tashi, kuma bayan watanni biyu aka kai wa kamfanin ƙera makamai na Lockheed Martin hari da abin da aka sata.

Ina samun lamba ta saƙon tes, ina kuma da manhajar da ke fitar da lamba shida. Me ya rage?

Da babu gara su, wannan ba gardama. Amma kowannensu da inda yake yoyo.

Saƙon tes ya dogara ne da layin waya, layin waya kuma ana iya karɓe shi ba tare da an taɓa wayarka ba, idan ɗan damfara ya shawo kan ma'aikacin kamfanin sadarwa ya mayar da lambarka kan wani sim. Ta haka aka ƙwace asusun Twitter na Jack Dorsey a watan Agusta na 2019, alhali a lokacin shi ne shugaban kamfanin. Manhajar lamba shida, mai canzawa duk bayan daƙiƙa 30, ta tsira daga wannan. Sai dai ba ta tsira daga shafin bogi ba. Ka rubuta kalmar sirri a shafin da ya yi kama da na gaskiya, ya nemi lamba ka rubuta, a wannan daƙiƙar ɓarawon ke kwafa su zuwa shafin gaskiya. Daƙiƙa 30 ta ishe shi har da canji. Akwai kuma tsarin da ke turo tambaya a waya cewa "kai ne ke shiga?" A watan Satumba na 2022 an kutsa Uber ne bayan an yi ta turo wa wani ɗan kwangilarsu wannan tambaya har ya amsa ɗaya.

Duk waɗannan sun haɗu a abu guda: suna jiran ɗan Adam ya lura. Duk abin da ido zai karanta yatsa ya rubuta, ana iya rubuta shi a inda bai dace ba, kuma babu mai wayon da ba ya gajiya ko gaggawa. Makullin tsaro ya ɗauke maka wannan nauyi. Ba ya duba tambarin shafi ko kyawun rubutunsa, adireshi kawai yake dubawa. Idan harafi ɗaya ya bambanta da inda aka yi rajista, ba shi da mabuɗin wannan wuri, ko sau nawa ka taɓa.

An ga haka a aikace. A watan Yuli na 2022 wasu masu kutse suka aika wa ma'aikatan kamfanin tsaron intanet na Cloudflare aƙalla 76 saƙon tes mai ɗauke da adireshin shafin bogi. Uku daga cikinsu sun rubuta kalmar sirrinsu, amma maharan ba su shiga ba, domin kamfanin ba ya karɓar komai sai makulli. Irin wannan harin ne ya yi nasara a kan kamfanin Twilio kusan wannan lokaci. Tun kafin nan, a 2018, Google ya ce tun da ya wajabta makulli a farkon 2017 ba a ƙwace asusun aikin ko ɗaya daga cikin ma'aikatansa fiye da 85,000 ta wannan hanya ba. A ganina labarin Cloudflare ya fi koyarwa, domin ya nuna an yaudari mutanen, makullin ne bai yaudaru ba.

Wannan ɗan faifan da nake taɓawa yana karanta zanen yatsana ne?

A yawancinsu, a'a. Ko yatsan wa ya taɓa zai amsa. Aikinsa ya tabbatar akwai mutum a gaban na'urar, don kada muguwar manhaja ta riƙa sa shi aiki kana barci. Masu karanta zanen yatsa suna nan, kamar YubiKey Bio, amma nau'i ne daban. Abin da ke tabbatar da cewa kai ne mai shi a sauran shi ne lambar PIN, kuma ita ba a aika ta ga shafi, makullin ne ke duba ta.

Idan ya ɓace fa?

Wannan ce tambayar da ya kamata a fara amsawa kafin a sayi makulli, ba bayan an saya ba.

Ba a kwafar makullin FIDO. Da gangan aka yi shi haka, kuma wannan ne ƙarfinsa, shi ne kuma wahalarsa. Don haka mutum biyu yake saya, ya yi rajistar kowanne daban a kowane shafi. Ɗaya yana tare da shi, ɗayan a ajiye a wani wuri da gobara ko sata ba za ta haɗa su ba. Apple ma ba ya yarda ka kunna wannan tsari da makulli ɗaya: tun da ya shigo da shi a iOS 16.3 a watan Janairu na 2023, aƙalla biyu yake nema. Inda mutane ke sakaci shi ne bayan wata shida, sun buɗe sabon asusu sun sa makullin aljihu, na ajiya kuwa sun yi ƙyuyar ɗauko shi. Ranar da na aljihu ya faɗi sai su tarar na biyun bai san rabin asusunsu ba. Ka riƙe jerin shafukan da ka yi rajista, domin makullin ba lallai ya iya gaya maka duka ba. Lambobin gaggawa da shafuka ke bayarwa kuma ka rubuta su a takarda, kada ka bar su a cikin imel ɗin da suke karewa.

Wanda ya tsinci makullin ba abin da zai yi da shi nan take. Bai san asusun wa yake buɗewa ba, kuma yana buƙatar kalmar sirri ko PIN. A ƙa'idar FIDO2, idan aka yi kuskuren PIN sau 8 a jere makullin zai kulle, kuma ba a buɗe shi sai an goge duk mabuɗan FIDO da ke ciki. Duk da haka kada ka zauna. Ka shiga da na biyun, ka bi shafukan ɗaya bayan ɗaya ka cire wanda ya ɓace, ka sayi madadinsa.

Na sa makulli, amma shafin yana ba ni zaɓin "gwada wata hanya". Da matsala?

A nan gizo ke saƙa. Ɓarawo ba ya kokawa da makulli, hanya mafi sauƙi yake nema. Idan asusunka na karɓar makulli ko saƙon tes, to ƙarfinsa ƙarfin saƙon tes ne. Shafin bogi zai ce maka makullin ya ƙi aiki, ka sa lamba, kai kuma ka sa. Bayan ka yi rajistar makullai biyu kuma ka gwada su, ka shiga saitin tsaro ka cire lambar waya daga hanyoyin shiga idan shafin ya yarda. Wasu ba sa yarda, wannan kuma gazawarsu ce. Google na da wani tsari tun 2017 mai suna Advanced Protection, wanda aka yi domin 'yan jarida da 'yan siyasa da masu fafutuka, yana rufe waɗannan hanyoyi masu rauni, yana kuma tsaurara maido da asusu. Kowa na iya shiga.

Ka fara da imel. Kusan duk sauran asusunka ta can suke aiko da saƙon sauya kalmar sirri, wanda ya riƙe imel ɗinka ya riƙe su duka. Sai manhajar adana kalmomin sirri, sai asusun Apple ko Google ko Microsoft da wayarka ke kai, sannan sauran.

Mene ne bambancinsa da passkey da waya ke ta tallata mini?

Passkey mabuɗin shiga ne da ke maye gurbin kalmar sirri. Shi da makulli lissafi ɗaya ne, ƙa'ida ɗaya, kuma dukansu shafin bogi ba ya cin su. Bambancin yana wurin ajiya. A watan Mayu na 2022 Apple da Google da Microsoft suka sanar za su faɗaɗa shiga ba tare da kalmar sirri ba, kuma passkey ɗin da wayarka ke ƙirƙira yawanci ana kwafa shi a ɓoye zuwa asusunka na kamfanin, don ya bi ka zuwa sabuwar waya. Na cikin makulli ba ya zuwa ko'ina. Na farko ya fi sauƙi idan waya ta faɗi, amma tsaronsa ya rataya ne a kan wancan asusu. Ga yawancin shafuka, na waya ya wadatar, kuma ya fi kalmar sirri nesa ba kusa ba. Makulli ya fi dacewa da 'yan asusun da idan suka tafi komai ya tafi.

Akwai iyaka ga adadin passkey da makulli ke ɗauka. YubiKey 5 na da yana ɗaukar 25, wanda ya fito da manhajar ciki ta 5.7 a 2024 yana ɗaukar 100. Amma idan a matsayin mataki na biyu bayan kalmar sirri kake amfani da shi, babu iyaka, domin a wannan yanayi ba ya cin wuri a cikinsa.

An ce ana ajiye mabuɗan SSH da PGP da takardun shaida a ciki. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, amma ba kowane makulli ba. Masu FIDO kaɗai ba su da sassan PIV da OpenPGP. PIV tsari ne na katin shaidar ma'aikatan gwamnatin Amurka, an fitar da ƙa'idarsa a 2005, yanzu kuma kamfanoni na amfani da shi wajen shiga kwamfutar ofis da sa hannu a takardu. OpenPGP na ɓoye saƙo ne da sa masa hannu. SSH kuma hanyar shiga sabar ce daga nesa. Ga masu kula da sabar, tun manhajar OpenSSH 8.2 da ya fito a watan Fabrairu na 2020 ko makullin FIDO zalla ya isa: ka rubuta ssh-keygen -t ed25519-sk, ko ecdsa-sk idan makullin tsoho ne, daga nan fayil ɗin mabuɗin da ke kwamfutarka ba ya aiki sai makullin na jikinta. Masu rubuta manhaja ma an tilasta musu: daga 1 ga Yuni, 2023, takardar shaidar sa hannu a manhaja ba a bayar da ita sai mabuɗinta na cikin na'ura irin wannan.

Akwai abu biyu da ya kamata a kiyaye. Sassan PIV da OpenPGP na YubiKey suna zuwa da PIN na masana'anta, 123456, kuma kowa ya san shi, a sauya shi ranar farko. Kuskure uku ne kawai suke yafewa, ba takwas ba. Na biyun ya fi muhimmanci: a bambanta mabuɗin shiga ko sa hannu da mabuɗin buɗe ɓoyayyen saƙo. Na shiga idan ya ɓace sai a yi sabo a yi rajista, ba a yi asarar komai ba, don haka a ƙirƙire shi a cikin makullin. Na buɗe saƙo idan ya ɓace, duk fayilolin da aka rufe da shi sun tafi har abada. Shi ana ƙirƙirarsa ne a kwamfutar da ba ta kan intanet, a adana kwafinsa a wuri amintacce, sannan a zuba shi a makulli.

Wasu makullan na iya riƙe sirrin lamba shida ma. Ajiyar ta fi ta waya tsaro, amma lambar da za ta fito har yanzu kai za ka rubuta ta, kuma shafin bogi zai karɓa.

An taɓa fasa irin wannan na'ura?

An taɓa. A watan Oktoba na 2017 masu bincike suka bayyana wani aibi da aka sa wa suna ROCA, a yadda guntayen kamfanin Infineon ke ƙirƙirar mabuɗan RSA. Ya shafi sassan PIV da OpenPGP na YubiKey 4, ya kuma sa ƙasar Estoniya dakatar da takardun shaidar katunan ɗan ƙasa sama da 700,000. A 2019 Google ya musanya wa mutane Titan mai Bluetooth saboda kuskure a yadda yake haɗuwa da na'ura. A watan Satumba na 2024 kamfanin NinjaLab na Faransa ya nuna ana iya zaro mabuɗin ɓoye daga YubiKey 5 mai manhajar ciki ƙasa da 5.7, ta hanyar auna siginar lantarkin da guntun ke fitarwa yayin lissafi. Sai dai wannan na buƙatar makullin ya shiga hannun maharin, ya fasa jikinsa, yana da kayan awo na musamman da ƙwarewa.

Abin lura shi ne ba a sabunta manhajar cikin YubiKey. Kamfanin ya zaɓi haka don kada wani ya cusa tasa, amma sakamakon shi ne idan aka gano aibi, sai dai a sayi sabo. Wanda gwamnati ko babbar ƙungiya ke farauta ya kamata ya damu da wannan. Sauran mutane kuwa, ɓarawon da ke aiko musu da saƙon bogi daga wata nahiya ba shi da hanyar kai hannu aljihunsu.

To me ba ya karewa?

Aikinsa a bakin shiga yake ƙarewa. Bayan ka shiga, shafin na ba burauzarka wani tikiti don kada ya riƙa tambayarka kowane minti. Muguwar manhajar da ta riga ta zauna a kwamfutarka na iya sace wannan tikiti, ta shiga da shi ba tare da ta nemi makulli ba. Haka kuma idan wani ya yi maka daɗin baki ka tura masa kuɗi da hannunka, makulli ba ruwansa. Idan ka ga yana walƙiya alhali ba ka nemi shiga ko'ina ba, kada ka taɓa.

Kamfanin da ya ƙera shi na ganin shafukan da nake shiga?

A tsarin FIDO, a'a. Maganar tsakanin makulli da burauza da shafi take. Shafuka biyu ma ba za su iya gane cewa makulli ɗaya ne ba, tunda kowanne da tagwayen mabuɗansa. Iyakar abin da shafi zai iya sani shi ne samfurin na'urar, kuma ƙa'idar ta ce a raba wannan shaida tsakanin na'urori aƙalla 100,000.

Na taɓa shi da hannu sai ya rubuta wasu haruffa masu fara da cccccc. Ya lalace ne?

Lafiyarsa ƙalau. Wani tsohon tsari ne na Yubico, inda makullin ke zama kamar allon rubutu ya buga haruffa 44 na shiga sau ɗaya. Idan ba ka amfani da shi, ka kashe shi a manhajar Yubico Authenticator, FIDO zai ci gaba da aiki.

Wane iri zan saya?

Ka fara duba ramukan na'urorinka, USB-A ne ko USB-C, kuma ka zaɓi mai NFC idan da waya za ka yi aiki. Idan shiga asusu kawai kake so, mai FIDO2 zalla ya isa, kada ka biya kuɗin sassan da ba za ka taɓa buɗewa ba. Ka saya daga masana'anta ko dillalin da suka amince da shi, kada ka sayi na hannu. Ba dole ne biyun su zama na kamfani ɗaya ba, wasu ma da gangan suke bambantawa don kada aibi ɗaya ya kama su tare.

Akwatin ajiyar kuɗin kirifto irin Ledger ko Trezor ba abu ɗaya ba ne?

'Yan uwa ne, amma aikinsu daban. Su suna da 'yar fuska da ke nuna maka adadin kuɗi da adireshin da za ka sa wa hannu, kuma ana maido da su da jerin kalmomi. Makullin tsaro zai kare asusunka na kasuwar kirifto, amma ba a nan ake ajiye kuɗin ba.

Zan ba wani tsohon makullina. Me zan yi tukuna?

Ka fara yin rajistar sabon a ko'ina, ka gwada shi, sannan ka cire tsohon daga kowane shafi da kowace sabar. Bayan haka ka goge shi. Ka sani cewa kowane sashe gogewarsa daban: goge FIDO ba ya taɓa PIV, ba ya taɓa OpenPGP, ba ya taɓa lambobi shida da ka ajiye. Ka bi su ɗaya ɗaya a manhajar kamfanin. Idan akwai takardar shaida ta ofis a ciki, ka sanar da wanda ya ba ka ita ya soke ta, kuma kafin ka goge OpenPGP ka tabbatar kwafin mabuɗin buɗe saƙonka yana nan, kuma ka gwada shi ya buɗe fayil.